Ƙasan sikirin ɗin wayata ya daina amsa taɓi, in tana caji kuma sai ta riƙa danna kanta

Baban Walid

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana gyaran waya. Wayata Android ce, sikirin ɗinta LCD mai inci 6.6, ramin cajinta USB-C, batirinta na cikin jiki wanda ba a cirewa. Tun shekaranjiya wani yanki a ƙasan sikirin, faɗinsa kamar yatsu biyu, daga wannan gefe har wancan, ba ya amsa taɓi ko kaɗan. Daidai inda layin haruffa na ƙarshe yake in ana rubutu. Sauran wuraren lafiya lau. Hoto garau yake, babu layi, babu baƙin tabo, gilashin bai fashe ba, sai dai sikirin gad ɗin ya tsage a kusurwar ƙasa tun wata faɗuwa da ta yi mako biyu da suka wuce.

Matsala ta biyu, in na sa ta caji sai ta riƙa buɗe manhajoji da kanta kamar wani ne ke dannawa. In na zare caja sai ta natsu.

Har yanzu ina buɗe ta da zanen yatsa na gefe. Wani ya ce a yi mata filashin, wato a sake loda mata manhajarta gaba ɗaya, wani ya ce sikirin ne za a canza gaba ɗaya. Wanne ya kamata in fara? Akwai hotunan iyali da hirarrakin kasuwanci na WhatsApp a ciki da ba na so in rasa.

Injiniya Sabo

Wa alaikumus salam Baban Walid. Kafin komai, kada ka kashe wayar nan, kada kuma ka bari cajinta ya ƙare. Shawarar farko da kowa ke bayarwa ita ce a kashe a kunna, amma a yanayinka tarko ce. In aka sake kunna Android ba ta karɓar zanen yatsa sai an fara shigar da lambar sirri, kuma ko ba a kashe ta ba, in ta kai awa 72 ba a shigar da lambar ba, za ta nema. Madannan lambobin a ƙasan sikirin suke. In sifili ko alamar shigarwa ta faɗa cikin yankin da ya mutu, ka kulle kanka a waje da duk abin da ke ciki.

Don haka yau ɗin nan ka nemi ɗan mahaɗin OTG na USB-C, ana samunsa wajen duk mai sayar da kayan waya, ka ari linzamin kwamfuta mai igiya, ka jona ka gani ko kibiya za ta fito a sikirin. Ka gwada yanzu da wayar take buɗe, domin wasu wayoyin sai an shiga Settings an kunna OTG da hannu, irin su Oppo da Realme ma suna kashe shi da kansu in ya yi minti 10 ba a amfani da shi. In kibiya ta fito, ka samu mabuɗin ajiya: da linzamin za ka iya danna lambobi ko ka ja zanen kulle (fatan) ko da sansa, wato abin da ke jin taɓi a sikirin, ya mutu gaba ɗaya.

Sai kwashe kaya. WhatsApp ka shiga Settings, Chats, Chat backup, ka tura zuwa Google Drive, ka tsaya har ka ga ya kammala da lokacin yau a rubuce. Hotuna ka jona da kwamfuta, ka zaɓi File transfer, ka kwafe jakar DCIM sukutum. Ka tabbata ka san adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar da kalmar sirrinsa, ka rubuta a takarda. In rubutu na yi maka wahala saboda layin da ya mutu, juya wayar a kwance, ko ka mai da allon rubutu na Gboard mai yawo ka ja shi zuwa saman sikirin.

Bayan nan sai gwajin da zai raba gardama. Shiga About phone, ka danna Build number sau 7, Developer options zai bayyana. A ciki ka kunna Pointer location. Daga nan duk inda yatsanka ya bi zai bar zane. Ja layi a hankali daga sama har ƙasa, kamar guda goma a jere, sannan ka ja wasu a gicciye. Masu Samsung suna da hanya mafi sauƙi, su danna *#0*# a wajen kira su zaɓi Touch. Masu Redmi da sauran Xiaomi kuma *#*#6484#*#*.

Ga yadda ake karanta sakamakon. A ƙarƙashin gilashi akwai raga ta siraran layuka masu ɗaukar lantarki waɗanda ido ba ya gani, wasu a tsaye wasu a kwance. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, shi ya sa in yatsa ya kusanci wuri sai cajin da ke wajen ya ɗan canza, wani ƙaramin IC, wato ɗan cif na lantarki, yana ta auna ragar sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya yana gaya wa waya inda aka taɓa. Ba ƙarfin dannawa yake ji ba, don haka matsa yatsa da ƙarfi ɓata lokaci ne. Kowane layi yana da siririyar hanyarsa da ta bi gefen sikirin ta sauka a fileks, wato siririyar igiya mai faɗi da ke haɗa sikirin da cikin waya. In faɗuwa ta tsinke hanyar layi biyu ko uku a kusurwa, duk abin da ke kan layukan ya mutu daga gefe zuwa gefe, hoto kuwa ko gezau, domin hanyarsa daban.

Saboda haka in zanenka yana yankewa a wuri ɗaya kullum, bakinsa a miƙe kamar an ja da rula, ciwon a jikin sikirin yake. Da wuya manhaja ta kashe yanki mai miƙaƙƙen baki ta bar shi a nan dare da rana. In kuwa wurin yana yawo, yau sama gobe ƙasa, ko zanen na tsalle-tsalle, to sai a duba caja, danshi da sikirin gad.

Filashin kuwa ka ajiye maganarsa. Zai goge maka komai, ya bar ka da kullen asusun Google a shafin farko, kuma maɓallin ci gaba na wannan shafin a ƙasa yake, daidai inda sansa ba ya aiki.

Malama Asma'u

Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, musamman batun kada a kashe. Zan ƙara abubuwan da ba sa cin ko sisi, don a gama da su kafin a taɓa sukurdireba.

Cire sikirin gad ɗin nan da ya tsage, Malam. Tsagewa a kusurwa tana ɗaga shi kaɗan daga gilashi, iska da ƙura da gumi su shige. Iskar da ke tsakani tana nisanta yatsa daga ragar, gumin kuma gishiri ne da ruwa, sansa na ɗaukarsa kamar yatsa ne a ajiye. In sansa ya ga kamar an dafe wuri ɗaya ba a ɗagawa, yakan yi watsi da wajen. Sa farce ko bakin tsohon katin ATM a kusurwar ka ɗaga a hankali. Cire kwandon wayar ma, domin wasu kwanduna masu matsewa suna danne gefen sikirin. Sai ka goge da tsumma mai laushi da ɗigo biyu na sifirit, a kan tsumman za ka ɗiga ba a kan wayar ba, don kada ya gangara ramin sifika. Daga nan ka danna maɓallin gefe ka kulle sikirin, ka ajiye ta a tebur, ka sake farkar da ita ba tare da hannunka na kan gilashi ba. Duk lokacin da sikirin ya farka IC ɗin yana sake auna yadda ragar take in babu taɓi, da wannan ma'aunin yake gane yatsa.

Wannan ne ma ya sa manhajojin da ke cewa suna gyara sansa ko daidaita shi ba su da wani amfani. Daidaitawa da hannu na tsofaffin sikirin ne masu jin dannawa, waɗanda ake amfani da su da ɗan tsinke. Na yanzu da kansu suke yi. Akwai kuma masu cewa a cire abin tartsatsin laita a harba wa wurin da ya mutu. Kada ka yarda. Tartsatsin dubban volt ne, abin da ke auna ragar kuwa da volt biyu zuwa uku yake aiki.

Batun danna kanta in tana caji, ni ina ganin matsala ce daban da ta farko, kuma galibi ba laifin waya ba ne. Caja tana yanyanka wutar gida da sauri ƙwarai kafin ta mai da ita volt 5. Mai kyau tana da abubuwan tace hayaniyar da wannan yanyankawa ke haifarwa, ta bogi an zare su don a rage kuɗi. Hayaniyar tana bin igiya ta shiga jikin waya, kuma canjin da sansa ke nema ƙanƙani ne sosai, sai ya ɗauki hayaniyar a matsayin yatsa. Ga gwaji: sa ta a fawa bank wanda shi kansa ba a jone yake da bango ba. In ta natsu, wayar ba ta da laifi a wannan ɓangaren. Sai ka canza kan caja kaɗai ka gani, sannan igiya kaɗai. Ka kuma lura ko abin ya fi yawa in ana kan ƙaramin janareta ko inbata mai arha fiye da wutar NEPA. In har kana jin ɗan tsikari a yatsa in ka shafa ƙarfen wayar tana caji, jefar da wannan cajar yau, maganar ta wuce ta sansa.

Bayan ka kwashe kayanka kuma linzami ya yi aiki, sai a gwada Safe mode. A yawancin Android za ka kashe, ka kunna, da tambarin kamfani ya fito ka dafe maɓallin rage sauti har ta gama buɗewa. A nan manhajojin da ka sauke duk suna barci. In yankin ya farfaɗo, akwai wata manhaja da ke shimfiɗa wani abu a saman sikirin, irin masu rage haske, masu naɗar sikirin da masu ƙwallon da ke yawo a gefe. Ban sa ran haka a taka ba, amma minti biyu ne.

Ga wanda zai zo da irin wannan tambaya alhali tasa gaba ɗaya ce ta ƙi amsawa, a fara bambance sansa da ya mutu da waya da ta sandare. Danna maɓallin ƙara sauti. In ma'aunin sauti ya fito, agogo yana tafiya, kira yana shigowa, to waya na raye, sansa ne. In komai ya tsaya cak, sandarewa ce, kuma yawanci cikar ma'ajiya ce ko zafi, musamman wayoyi masu RAM 2GB da ma'ajiya 32GB da aka cika maƙil da bidiyo. Maganinta kunnawar dole: Samsung a dafe rage sauti da maɓallin gefe tare sama da daƙiƙa 7. Tecno, Infinix, itel da Redmi a dafe maɓallin kunnawa daƙiƙa 10 zuwa 15, in bai yi ba a haɗa da rage sauti. iPhone 8 zuwa sama a danna ƙara sauti a saki, rage sauti a saki, sannan a dafe na gefe har tambarin Apple ya fito.

Akwai wani kuma da ke sa mutane sayen sikirin a banza. In ka taɓa abu sai akwati ya zagaye shi, waya ta yi magana, amma bai buɗe ba, TalkBack ne na makafi ya kunnu, sau da yawa a aljihu ko a hannun yara. A wannan yanayin taɓi ɗaya zaɓi ne, biyu a jere buɗewa, ja kuma da yatsu biyu. Dafe maɓallan sauti biyun tare daƙiƙa 3 yakan kashe shi.

Baban Walid

Allah ya saka muku da alheri. Na samo OTG, linzami ya yi aiki, na kwashe komai. Na cire sikirin gad da kwando na goge. Da fawa bank ba ta danna kanta ko sau ɗaya ba, da na ari wata caja ma shiru, ashe tawa ce. Amma yankin ƙasa yana nan yadda yake. Da Pointer location duk layukan da na ja suna yankewa a wuri ɗaya, su ci gaba a can ƙasa kusa da baki, kamar an yanka da reza. A Safe mode ma haka, da linzamin na shigar da lamba. Abin da na lura bayan cire kwando, murfin baya ya ɗan ɗago a gefen dama, farce na shiga. Sikirin ɗin zan saya ke nan? Kuma wane iri?

Oga Ɗanlami Mai Gyara

Yallaɓai, wannan murfin da ya ɗago shi za a fara dubawa. Ko faɗuwar ce ta saki gam, ko batir ne ya kumbura. Kwantar da wayar a kan gilashin tebur ka juya ta da yatsa. In tana juyi kamar tana da ciki, ko ka ga wani farin tabo a sikirin in ka buɗe farin shafi, batir ne. Kumburarren batir yana tura murfi ta baya, yana tura sikirin ta gaba, kuma in aka ɗora sabon sikirin a kansa ba zai daɗe ba. Kada ka matse murfin don ya koma, kada ka caja ta a ƙarƙashin filo ko ka bar ta a gaban mota da rana, kuma kada kowa ya huda shi wai don iska ta fita. Gas ne a ciki, yana kama wuta. Zafin watan Afrilu da caja marar kyau su ne abokan wannan ciwo.

Yanzu aikin kansa. Ko kai za ka yi ko kai wa za ka yi, ya kamata ka san jerin don ka ga an bi.

A cire tiren sim, a leƙa ramin da fitila. Wayoyi da yawa suna da ɗan farin tambari a nan ko a kan fanel, wato babban allon lantarki na cikin waya, in ya koma ja ruwa ya taɓa shiga. A ɗumama murfin baya a kan tabarmar zafi, digiri 70 zuwa 80, minti uku zuwa biyar, a bi gefe da siririyar roba. Tunda zanen yatsanka a gefe yake, da sauƙi, masu na baya ne ake tsinke wa fileks a nan. A kwance sukurorin garkuwar fanel, a jera su yadda aka ciro su, domin dogon sukuru in ya shiga gajeren rami yana huda fanel ko ya taɓo bayan sikirin.

Abu na farko da ake zarewa soket ɗin batir ne, kafin a taɓa na sikirin. Ko waya a kashe take akwai wuta a fanel, kuma hanyar fitilar LCD tana aiki da volt wajen 20. Zare fileks da batir a jone shi ke sa a gama aiki a ga hoto ya dawo amma babu haske.

Sai a zare soket ɗin sikirin da roba, ba da ƙarfe ba, a duba shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ana neman fil da ya lanƙwashe, ko kore-kore da fari-fari na tsatsar danshi. A wanke da sinadarin IPA mai kashi 99 da burushi mai laushi, a bari ya bushe, a mayar har a ji ya ce ƙas. A wasu wayoyin sikirin ba ya zuwa fanel kai tsaye, ta dogon fileks ɗin da ya haɗa fanel da ƙaramin bod na caji yake bi, to a duba bakinsa duka biyun. Gaskiya a irin naka ban cika sa rai wannan ya wadatar ba. Soket da ya saki yakan kashe sansa gaba ɗaya ko ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, ba ya zaɓar yatsu biyu. Amma tunda an buɗe, kyauta ne.

Gwajin da ke yanke hukunci shi ne a jona sabon sikirin a waje, tsohon na nan a manne, a kunna a ja layukan da Injiniya ya faɗa. In sabon ya amsa ko'ina, an gama bincike. A ɗora shi a kan kwali ko roba lokacin gwajin, in ya kwanta a kan ƙarfe ko kumatun batir zai iya yin ƙarya.

Kan wane iri za ka saya. Da, a ƙananan wayoyi, sansa daban yake da LCD, shi ne ake kira tocfad ko kalibireta, ana canza shi kaɗai da kuɗi kaɗan. Wayoyin LCD na yanzu kusan duka ragar a cikin LCD ɗin take, IC ɗaya ne ke tuƙa hoto da taɓi. Gilashin sama gilashi ne kawai. Don haka wanda ya ce zai raba maka gilashi a inji ya manna sabo da gam ɗin OCA, wannan maganin fasasshen gilashi ne da sansarsa ke aiki, ba zai taɓa naka ciwon ba. Cikakke za ka saya.

Kada ka saya da sunan waya kawai, ka tafi da lambar samfurin da ke About phone, in an buɗe kuma a karanta rubutun da ke jikin fileks ɗin tsohon. Dalili shi ne kamfani ɗaya yakan sayi sikirin daga masana'antu biyu ko uku don waya ɗaya, wani da IC na Novatek, wani FocalTech, wani Ilitek ko Himax. Da yawansu ba su da manhajarsu a jiki, waya ce ke loda musu duk lokacin da aka kunna. In aka sa wanda wayar ba ta san shi ba, sai hoto ya fito sansa ya ƙi, ko ya yi aiki har a kulle sikirin sannan ya mutu. Shi ya sa a gwaji dole a kulle a buɗe sau biyar ko shida, a kuma gwada tana caji.

A Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, za ka tarar da daraja biyu ko uku na sikirin ɗaya. Ƙa'idar kasuwa kusan ɗaya ce ko'ina: in ka ɓare ledar gaba, ko ka goge tambarin mai shago, ko gam ya taɓa shi, ba a karɓa. A gama duk gwaji kafin a ɓare komai. In akwai mai haɗe da firam, wato ƙashin jikin waya da sikirin ke zama a kai, ƙara kuɗin ka ɗauka, domin faɗuwa a kusurwa takan lotsa firam, kuma lotsattsen firam yana cin gefen sabon sikirin daidai inda ya ci tsohon. In marar firam ne, a kankare tsohon gam tas, a duba babu ɓurɓushin gilashi, a zizara gam B-7000 ko T-7000 siriri a bakin firam, a rufe bayan fileks da tef mai jure zafi don kada ƙananan kayan jikinsa su taɓa ƙarfe. A ɗaure da robar kuɗi ko maƙalai masu taushi na awa biyu zuwa uku, kada a matse sosai, kuma a bar shi kwana guda kafin ya koma aljihu. Gam da ya yi yawa ya malala ciki, da matsewa fiye da kima, su ke sa sabon sikirin ya fara danna kansa bayan kwana biyu.

In wayar tana cikin garanti kuma ba a taɓa buɗe ta ba, fara leƙa ofishin kamfanin, na Tecno da Infinix da itel shi ne Carlcare. Sai dai lalacewar faɗuwa da ta ruwa galibi ba sa cikin garanti, za ka biya, amma kayan na asali ne.

Abu Sumayya

Ƙari kaɗan ga masu gyara, in an sa sabon sikirin da aka tabbatar lafiyayye ne kuma sansa ya ƙi gaba ɗaya. A nan an koma fanel. A zare batir, a sa mita a ma'aunin diyod, jan tsinke a ƙasa, a bi fil-fil na soket ana kwatantawa da fanel mai lafiya ko zanen wayar. Hanyoyin taɓi kaɗan ne: wutar volt 1.8, a masu IC daban akwai ta biyu wajen 2.8 zuwa 3.3, sai hanyoyin magana na I2C ko SPI, sai na farkarwa da na sanar da taɓi. Fil da ya nuna a buɗe, yawanci ɗan matacin da ke gab da soket ne ya tsinke ko ƙafar soket ta ɗago. Wanda ya nuna sifili, kafasita ce ta haɗe da ƙasa, ruwa ne ke yawan jawo wannan. A I2C, in hanya ɗaya ba ta hau 1.8 ba bayan an kunna, a duba rasistan da ke ja mata wuta.

A iPhone tarihin ya ɗan bambanta, kuma yana da amfani ga mai sayen ta hannu. iPhone 6 Plus IC ɗin taɓinta a kan fanel yake, lanƙwasar jiki tana sakin dalmar ƙarƙashinsa, sai wani toka-tokan layi ya riƙa ƙyaftawa a saman sikirin sansa ya ɗauke. Sabon sikirin ba ya maganinsa. Apple ya buɗe shirin gyaransa a Nuwamban 2016. iPhone X ma an yi mata shirin canza sikirin a 2018 saboda matsalar taɓi, haka wasu iPhone 11 da aka ƙera tsakanin Nuwamban 2019 da Mayun 2020. Kuma a 2018 sabuntawar iOS 11.3 ta kashe sansa a wasu iPhone 8 da aka sa wa sikirin da ba na kamfani ba, sai da 11.3.1 ta fito aka samu sauƙi. Wannan na ƙarshe shi ne irin yanayin da manhaja ke da laifi da gaske: gaba ɗaya sansa ke mutuwa, kuma daidai bayan sabuntawa.

Oga Ɗanlami, a batun daraja zan ƙara cewa masu sikirin irin AMOLED su yi hattara da kwafin LCD da ake sa musu don arha. Ya fi kauri, yana shan batir, zanen yatsa na cikin sikirin kuma ba ya aiki da shi. Baban Walid dai wannan bai shafe shi ba tunda tasa LCD ce tun asali.

Injiniya Sabo

Baban Walid, sakamakonka ya nuna sikirin ne, batir kuma a duba shi a zama ɗaya kamar yadda Oga ya ce. In za a canza duka biyun, a haɗa kuɗin a kwatanta da farashin irin wayar ta hannu kafin a buɗe leda. In kuɗin bai samu yanzu ba, kuma an tabbatar batir lafiya yake, za ka iya lallaɓawa da allon rubutu mai yawo da yanayin hannu ɗaya, sai dai irin wannan tsinkewar takan ci gaba zuwa layukan maƙwabta, don haka OTG ɗin nan ya zauna a aljihunka.

Ranar kai ta gyara ka cire sim da katin ma'ajiya, ka fita daga manhajojin banki, ka kashe Developer options. Mai gyara ba ya bukatar lambar sirrinka don canza sikirin, in an zo gwaji kai za ka buɗe da hannunka. Samsung na baya-bayan nan suna da Maintenance mode da ke ɓoye kayan mai waya, in taka tana da makamancinsa ka kunna. Kafin ka biya, ka sake kunna Pointer location a gabansa, ka ja layuka har kusurwoyi huɗu, ka ɗora yatsu biyar ka ga lambar da ke sama ta ƙirga biyar, ka yi kira ka kara a kunne ka ga sikirin ya ɗauke. Ka karɓi tsohon sikirin ɗinka ka tafi da shi, lambar da ke jikin fileks ɗinsa za ta yi amfani in sabon ya ba da matsala.